Mazubin da Ctibor Ya Sace Min

Lahadi da hantsi ruwa ya ɗauke a Brno.
Na zura takalmin roba, na ɗauki sanda,
na bi gaɓar kogin Svratka
zuwa inda mijina ya yi ajiya shekara tara da suka wuce.

Ba zinariya ba ce. Mazubin roba ne,
wanda nake zuba masa miyar kabeji in zai fita aiki.
Ya sace min shi, ya sa ɗan littafi a ciki,
ya aika lambobin wurin can sama,
tauraron ɗan Adam ya riƙe masa,
duk mai waya da ƙafa ya zo ya nema.

Wayar takan ce saura taku goma,
daga nan ta yi gum, ta bar ka da idonka.
Ctibor yakan ce a nan wasan yake farawa:
waya ta kai ka unguwa,
haƙuri ya nuna maka ƙofar gida.

Dokokinsa sun zauna min a ka tun ban so ba.
Zo da alƙalaminka, na ciki sanyi ya kashe shi.
Ba a haƙa ƙasa, ba a karya reshe.
In mai yawo da kare ya tsaya kusa,
durƙusa kamar igiyar takalminka ce ta kwance,
ka ɗaure, ka kwance, ka sake ɗaurewa har ya wuce.
In ka ɗauki maɓalli, bar abin da ya fi maɓalli,
ban da alewa, tururuwa ba ta san amana ba.
Ka mayar da shi inda ka same shi,
ba inda kai kake ganin ya fi dacewa ba.
In ka nema ka rasa, rubuta cewa ka rasa.
Kunya ba ta kisa,
shiru ne ke sa akwati ya ɓace ba wanda ya sani.

Tun da muka binne shi a watan Fabrairu ban je ba.
Saƙo ya zo sau uku: littafin ya jiƙe.
Na karanta, na kife wayar.

Yau na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara,
na zura hannu bayan dutsen gindin gada,
ina jiran in taɓa ruɓa.

A bushe yake.
Sabon littafi, guntun fensir an fere shi,
sannan a cikin leda, tsohon littafin,
ya kumbura, ya lanƙwashe kamar busasshen ganye,
da 'yar takarda:

"Mun shanya shi kwana biyu kusa da murhu,
shafi bayan shafi. Na farkon bai lalace ba.
Matouš ya ɗauki ƙaramar motar,
ya bar ƙwallon gilashin da ya fi so, sai da ya yi kuka.
Radka."

Ban san Radka ba. Ba ta san ni ba.

Na buɗe shafin farko.
Ga rubutunsa nan, a karkace, kamar mai gudun bas:
"Barka da zuwa, mai nema.
Mazubin na matata ne. Kada ku gaya mata."

Na yi dariya har kogin ya dishe min a ido.

Doka ta ce in ka ɗauka ka bar abin da ya fi.
Na laluba aljihu: tikitin taragu, mabuɗi, hankici.
Ba ni da abin da ya fi wannan shafin,
don haka ban ɗauka ba.
Na sa suna da kwanan wata a sabon littafi,
na danne murfi har ya ce ƙas,
na mayar, na jawo ganye na rufe.

Sai ga wani saurayi a guje, ya rage sauri yana kallona.
Na sunkuya ina ɗaure igiya,
ina ɗaurewa, ina kwancewa,
a takalmin da ba shi da igiya.